Matar da Muka Tono a Kangon Kusfa

A duk shekarun da na yi ina wankin tsingaro wa masu tonon tarihi, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce wata Asabar a Kusfa, ranar da saura kaɗan a miƙa maigadinmu ga 'yan sanda a kan kayan adon wata mata da ta mutu tun ba a haifi kakannin kakanninmu ba. Tunda ku sababbi ne a wannan aikin wanki, kuma na ji ana cewa za a sake fita tono bayan Salla, na ga ya kyautu in rubuta muku yadda abin ya faru.

Ni 'yar Kusfa ce, nan aka haife ni, nan na yi aure. A shekarar da Sadiya, 'yata ta fari, ta shiga sakandare, wasu magada suka tashi gina wani tsohon kango da ke bayan layinmu. Masu haƙa salga suka ci karo da manyan tukwane a jere a ƙarƙashin ƙasa, irin waɗanda ba a yin su yanzu. Mai unguwa ya hana a ci gaba, aka aika wa mutanen jami'a. Da bazara sai ga su da mota, da igiyoyi, da rariya, da tamfol. Suka ce suna neman mace a unguwa wadda za ta riƙa wanke musu tsingaro, amma sai wadda ta iya rubuta lamba. Ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, sai mai unguwa ya ambaci sunana. Maigidana ya amince, na fara.

Bari in faɗi yadda aikin yake tafiya, saboda wanda bai sani ba. Akwai shugaban aiki, shi ne Dakta Nura. Ƙarƙashinsa akwai ɗalibai masu zane da awo da ɗaukar hoto. Sai leburori masu tono da tankaɗe, shugabansu Ɗanlami. Sai ni a gefe da bahona da buroshina. Sai maigadi, Malam Tanimu, wanda ke kwana yana tashi a wata rumfa a bakin kangon. Ana kafa turaku a ɗaure zare, a raba fili gida-gida kamar na dara. Ba a tono da diga sai a sama-sama. Da an ɗan yi ƙasa sai a koma cokalin magini da buroshi. Duk ƙasar da aka kwaso sai ta bi ta rariya. Tsingaron kowane gida da jakarsa, ni kuma in wanke, in shanya, in rubuta wa kowanne lambarsa. Doka ɗaya ce Dakta ba ya wasa da ita: ba a ɗaga komai daga inda yake kwance sai an zana shi, an auna shi, an ɗauke shi hoto. Ya ce in ka ɗaga abu kafin haka, ko da ka mayar da shi, ka riga ka goge labarinsa.

Dakta Nura ya taɓa yin aiki a Masar, a kabarin wata sarauniya ta zamanin Fir'auna. Lokacin hutu, in an zauna shan kunun zaƙi, yakan ba mu labari. Ya ce sun yi watanni a kan abin wuya guda ɗaya, domin zarensa ya ruɓe, duwatsun suna zube a kan ƙirjinta. Kowane dutse sai an zana inda ya faɗi kafin a ɗauka, don a iya sake shirya shi yadda mai shi take sa shi. Shi haƙurin aikin yake so mu gane. Amma leburori abin da ya shiga kunnensu shi ne Fir'auna da sarauniya. Kafin labarin ya kai bakin layi ya zama wai akwai zinariyar Fir'auna a kangon Kusfa.

Daga nan zaman ya canja. Matasa suka riƙa hawa katanga suna leƙenmu. In na fito da yamma, mata sai su bi ƙullin zanena da kallo. Wata maƙwabciyata ta taɓa tare ni tana dariya ta ce, "Maman Sadiya, in an raba kar a manta da mu." Na ce mata fasassun tukwane ne kawai, ta ce ai dama haka za ki ce. A cikinmu ma babu wanda ya saki jiki da wani. Ɗalibai suna lura da aljihun leburori, leburori suna cewa ɗalibai na ɓoye abu a jakunkunansu, mutanen unguwa kuma suna zarginmu duka.

Malam Tanimu shi ya fi kowa shan kallo, domin baƙo ne. Daga wani ƙauye yake a hanyar Soba, manomi ne, gadi yake zuwa yi da rani. Ba shi da kowa a cikin birni. Ga shi ba mai yawan magana ba, in an yi raha sai dai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Ɗanlami ya so a ba ƙaninsa gadin nan, ba a ba shi ba, saboda haka tun farko bai ƙaunaci dattijon ba.

Ranar wata Juma'a da hantsi, wani lebura ya kira Dakta. Buroshi ya fito da ƙashi. Aka tsayar da kowa, Dakta da kansa ya sauka ramin, wanda zurfinsa ya kai ƙirjin mutum, da matakala da aka sassaƙa a jikin ƙasa. A hankali mutum ya bayyana, kwance a gefen hagu, ƙafafu a naɗe, fuska tana kallon yamma. A ƙugu akwai duwatsun ado ja da fari a jere kamar jigida, a ƙafa ɗaya kuma munduwa ta tagulla da ta yi kore. Dakta ya ce mace ce, kuma daga gani ba ƙaramar mace ba ce a zamaninta. Ya ce yadda aka kwantar da ita ya nuna wataƙila tun kafin Musulunci ya zauna a wurin ne. Ya ce shekara da shekaru yana fatan irin wannan a ƙasarmu.

Sai dai lokaci ya ƙure. Ranar Juma'a da tsakar rana ake tashi. An ɗauki hoto daga sama, amma ba a fara zanen duwatsun ba, rabinsu ma suna cikin ƙasa. Ƙashin kuma ya yi taushi, Dakta ya ce sai an shafa masa wani ruwan magani mai kama da ƙaro ya ƙanƙame kafin a taɓa shi, maganin kuwa yana Samaru. Aka rufe ramin da tamfol aka danne da duwatsu. A gabana Dakta ya ce wa maigadi, "Malam Tanimu, daga yanzu har gobe da safe, kada ka gusa ko nan da can. Ko ruwa za ka sha, idonka na kan ramin nan." Ya ce, "To, Yallaɓai."

Ni na kai bahona gidan Iya Kande, inda nake ajiya ina ɗebo ruwa. Gidanta ne ke manne da kangon, katangar tsakaninsu ta zube a wani gefe an toshe da zana. Iya tsohuwa ce mai nauyin ji, ita ke wankan gawar mata a unguwarmu tun ina yarinya. Ta tambaye ni taron me ta hango a kangon, na ɗaga murya na ce mata mace aka tono, har da jigidarta. Ta ce, "Mace?" Na ce mace. Ta yi salati, na yi mata sallama na fita ta ƙofar gida.

Na biya kasuwa na sayi kayan miya. A hanyar komawa, ana gab da huɗuba, na hango Malam Tanimu yana sauri ya nufi wajen masallaci, da wani abu a naɗe a hammatarsa. Na tsaya na bi shi da ido har ya sha kwana. Na ce a raina, wannan ba yanzu aka ce masa kada ya gusa ba? Kuma mene ne a hammatarsa? Ban faɗa wa kowa ba, ko maigidana. Amma tuwon da na tuƙa ranar sai da yara suka ce ya yi gudaji.

Da safiyar Asabar muka taru. Dakta ya zo da maganinsa da takardun zane, yana ta fara'a. Aka janye tamfol.

An tura ƙasa an rufe matar daga wuya har ƙafa. Ƙoƙon kan ya juya, haƙoran ƙasa sun rabu da shi, gefensa ɗaya ya ruguje kamar busasshen ƙosai. Dakta ya sauka ya share ƙasar ƙugun da buroshi. Babu dutse ko ɗaya. Ya duba ƙafa, babu munduwa. Ya zauna daɓas a cikin ramin, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Ɗanlami ne ya fara. "To, ga shi nan. Dama na faɗa. A ɗauko mutum daga ƙauye ba a san asalinsa ba, a ba shi gadin dukiya."

Dakta ya fito ya kira maigadi. "Malam Tanimu, wa ya shigo nan?"

"Ban ga kowa ba, Yallaɓai."

"Ka bar wurin nan?"

Ya kawar da kai. "Ban bari ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Ɗanlami ya tafa hannu. "Bai gusa ba, bai ga kowa ba. To aljanu ne suka zo suka yi kwalliya da jigidar? Baba, faɗi gaskiya, wa ka kai wa? Mai sayen tsofaffin kaya ko boka? Har da kan ma ka so cirewa ya fashe maka, ko?"

Wannan magana ta kai ita ta ɓata komai. Kun san yadda ake jin tsoron masu tonon kabari suna cire sassan gawa. Yaran da ke kan katanga suka kwashe ta suka watsa. Kafin a jima bakin kangon ya cika, ana cewa a fito da shi. Aka birkice rumfarsa, ba a ga komai ba sai tabarma da buta da buzu da ƙullin gari. Ɗanlami ya ce ai ɓarawo ba ya kwana da kaya. Dakta ya ga abin zai fi ƙarfinsa, ya sa aka raka dattijon zauren mai unguwa, muka bi.

A zauren, mai unguwa ya riƙa tambayarmu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi inda ya je bayan an tashi. Ni ina durƙushe daga bakin ƙofa ina addu'ar kada a zo kaina. Aka zo.

"Maman Sadiya, ke 'yar unguwa ce, nan kike wucewa. Kin ga wani abu jiya?"

Na sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, ya ce in ji tsoron Allah. Na ce, "Ranka ya daɗe, na ga Malam Tanimu a hanyar masallaci gab da huɗuba."

"Da wani abu a hannunsa?"

"Da abu a naɗe a hammatarsa. Ban san ko mene ne ba."

Zauren ya ɗauki guna-guni, na waje suka ɗauka da ihu. Malam Tanimu ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da kansa ƙasa. Ya ce, "Buzuna ne. Juma'a na je. Tun da na balaga ban taɓa rasa Juma'a ba. Ina idarwa na dawo."

Mai unguwa ya ce, "To me ya sa ka ce ba ka gusa ba?"

"Tsoro na ji."

Ɗanlami ya ce, "Wanda ya yi ƙarya ɗaya, me zai hana ta biyu?" Kuma gaskiya, a lokacin ni ma abin da ke raina ke nan. Na ce a raina ko dai a cikin buzun ya naɗe kayan, ko kuma ya haɗa baki da wasu ya ba su wuri. Dakta ma ya ce shi ba shi da yadda zai yi, kayan nan na hukuma ne, dole ya kai rahoto, kuma dole a miƙa maigadi. Mai unguwa ya ce shi ma ya fi son haka, domin in aka sake shi a unguwar nan ba zai kai bakin titi da ransa ba. Ya ce wa dattijon ya ba shi zuwa azahar, ya faɗi inda kayan suke a rufa masa asiri, in ba haka ba a kira motar 'yan sanda.

Na fito. Ban san inda zan sa kaina ba, sai ƙafata ta kai ni gidan Iya Kande, wai in ɗauki bahona in wanke sauran tsingaron jiya, ko hannuna ya sami abin yi. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake, hankalinta kwance. Duk ihun da ake yi a layi bai shiga kunnenta ba.

Na gaishe ta. Ta ce, "'Yar nan, yau kin makara. An kawo likkafanin?"

Na ce, "Wane likkafani, Iya?"

"Na baiwar Allahn nan mana. Ko haka za ku bar ta?"

Na ajiye bahon a hankali. Na matsa kusa da kunnenta. "Iya, kin shiga kangon ne?"

"Na shiga mana. Da hantsi na leƙa ta zana, na ga ƙartai sun kewaye rami suna ta ɗaukar hoto, sai da kika faɗa mini na gane ashe mace ce kwance ba ko ƙyalle. Ban ga laifin yaran ba, ba su sani ba. Amma ke, 'yar nan, kina wurin kika bari? Sai na jira maza suka tafi masallaci, na shiga na janye tamfol na gyara ta, na mayar da shi. Gwiwar nan har yanzu ciwo take, matakalar tasu ba ta tsofaffi ba ce."

"Me kika yi mata, Iya?"

"Abin da ake yi. Na cire mata kayan ado, ai ba a binne mace da ado. Na juya fuskarta alƙibla, wanda ya binne ta ko bai san gabas ba ne, oho. Kan ya yi laushi, Allah Ya yafe mini, ya ɗan fashe a hannuna. Ban yi mata wanka ba, na ga ba za ta ɗauki ruwa ba. Na rufa mata ƙasa na suturta ta kafin a kawo likkafani."

"Kayan fa?"

Ta nuna ɗakinta da haɓa. "Suna cikin kwalla, na ƙulle a tsumma. Kayan magada ne. An samo danginta?"

Na zauna a kan turmi. Tsoro biyu suka kama ni. In na fita na faɗa, tsohuwar nan da ta wanke uwata ita za a kira ɓarauniya, wataƙila har a sa ta a mota. In na yi shiru, azahar na zuwa, ga bawan Allah can a zaure, kuma da bakina aka ɗaure shi. Na ga ba ni da ikon zaɓa mata, sai na faɗa mata komai, ina ɗaga murya ina maimaitawa. Na ce ana can an kama maigadi a kan kayan nan, za a kai shi caji ofis.

Ta ajiye faifan wake. "Wane maigadi? Dattijon nan mai gaishe ni ta zana? Shi ya ce ya ɗauka?"

"A'a, Iya, cewa aka yi shi ne."

"Miƙo mini mayafina da sandata."

Muka fito tana dogarawa, ni ina riƙe da kwallar. Matasan da ke ƙofar zauren suka dare, domin babu wanda Iya ba ta san ranar haihuwarsa ba a cikinsu. Wani ya ce, "Iya, ina zuwa? Ɓarawon kabari ne a ciki." Ta ce, "Matsa, ɗan Hansai, ga ɓarauniyar nan ta zo da kanta."

Ta yi sallama ta zauna a bakin ƙofa, ta karɓi kwallar ta kwance tsumman a gaban mai unguwa. Ga duwatsu ja da fari a cakuɗe, ga munduwa. Ta faɗi abin da ta faɗa mini, ba ragi ba ƙari, kamar mai ba da labarin cefane.

Dakta ya miƙo hannu zai ɗauka, ta janye tsumman. "Kai ɗanta ne?"

"A'a, Iya."

"Jikanta?"

"Iya, matar nan ta yi ɗaruruwan shekaru. Ba ta da magajin da aka sani. Ba ma tabbas Musulma ce."

Sai da na maimaita mata a kunne. Ta ce, "Ko ma wace ce, ai mace ce. In kai aka tono uwarka, ka so a tsaya a kanta ana hoto?"

Dakta ya durƙusa a gabanta, ya tausasa murya. "Iya, don Allah ko za ki iya tuna yadda duwatsun suke a jere? Ja ne a gaba ko fari? Layi nawa ne? Ina kika tsinci kowanne?"

Ta dube shi da mamaki. "A jikinta mana, ɗan nan. Ina kuma zan tsince su?"

Wasu suka yi dariya, amma Dakta bai yi ba. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Kayan sun dawo cif, amma abin da ya fi so ya tafi, kuma babu mai dawo da shi. Har yau duwatsun nan suna ɗakin ajiyarmu a cikin kwali, a zube, ba wanda ya san yadda mai su take ɗaura su. Dakta ya miƙe ya ce wa mai unguwa babu maganar 'yan sanda, zai rubuta abin da ya faru yadda ya faru. Iya ta yarda ta miƙa kayan ga mai unguwa a matsayin uban marasa dangi, shi kuma ya miƙa wa Dakta a gaban jama'a, bisa sharaɗin in an kwashe ƙasusuwan za a naɗe su a farin ƙyalle, kuma mata ne za su naɗe. Haka aka yi daga baya, ni da ɗalibai mata biyu, Iya tana zaune a bakin rami tana ba mu umarni.

A zauren kuwa, sai aka juya kan Malam Tanimu. Tun da Iya ta fara magana bai motsa ba. Mai unguwa ya ce, "Malam, Allah Ya wanke ka. Ka yi haƙuri, tashi ka koma bakin aikinka."

Bai tashi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a nan cikin zaure aka wanke ni. A waje aka kira ni mai cire kan gawa. Akwai 'yan garinmu masu dako a kasuwa, yanzu haka maganar ta kama hanyar gida. Ina da 'ya'ya."

"To me kake so?"

"A faɗa a masallaci. Da sunana."

Mai unguwa ya ce an yi. Bayan sallar azahar liman ya tsayar da mutane ya faɗa, aka sake faɗa da la'asar. Maigidana yana wurin, ya ce Malam Tanimu ya tsaya a sahun gaba har aka gama, sannan ya naɗe buzunsa ya fita. Ɗanlami ya je ya ba shi haƙuri a gaban leburori, da ƙyar maganar ta fito, amma ta fito.

Da yamma na kai masa tuwo a rumfarsa. Na fara cewa, "Malam, maganar da na yi a zaure..." Ya ɗaga hannu. Ya ce, "Abin da kika gani kika faɗa, Maman Sadiya. Ni ne na faɗi abin da ba haka ba." Ya karɓi kwanon ya yi godiya. Dakta ya zo ya same mu, ya tsuguna ya ce, "Malam Tanimu, ni da na ce kada ka gusa, ni ma masallacin na nufa. Ban ko tuna kai ma Juma'a ta hau kanka ba. Da ka tuna mini." Ya ce, "Yallaɓai, ina zan iya?"

Ya ƙarasa aikin da mu har ruwan farko ya sauka, ya tafi gona. Da rani ya zagayo Dakta ya aika masa, ya ce a gode, amma ya sami gadi a wani wuri. Bai sake aiki a cikin birni ba.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, kafin a kafa turke ɗaya a kangon nan, an zauna da mai unguwa, an zauna da liman, an zauna da magada, an yi musu bayani dalla-dalla. Duk a zaure aka yi. Babu wanda ya shiga cikin gida ya faɗa wa mata abin da ake nema da dalilin da ya sa ba a taɓawa, alhali su ne ke gida lokacin da kowa ya fita, kuma gawar mace a wurinmu hakkinsu ce. Ni da nake shiga kullum, rabin magana na kai wa Iya na tafi cefane. Da abu ya ɓace kuma, dukanmu muka juya kan wanda ba shi da kowa, babu wanda ya ko kalli zanar nan.

Saboda haka in an kai ku sabon wuri, ranar farko ku ajiye baho, ku shiga gidajen da ke kewaye ku gaida tsofaffi. Ku faɗa musu da bakinku cewa mai yiwuwa a ci karo da mutum a ƙasa, kuma in an ci karo, ba za a wulaƙanta shi ba, ga yadda za a yi, ga ranar da za a suturta shi. In mace ce, ku nemi ƙyalle ku rufe ta kafin ku tashi, ko da tamfol zai hau kai. Ranar Juma'a kuma ɗayarku ta zauna a bakin rami, maigadi ya je ya yi sallarsa.